Garwar Fetur da Na Yi wa Ciko a Hanyar Tabkin Chadi

Alhamis: Potiskum zuwa Yerwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidana a Hausari, garwar fetur ɗaya a ka, ɗaya a hannu, buzu da buta a rataye. Ko zakaran maƙwabta bai gama gyara murya ba. Shekarar da naira ta shigo ce, muna ta rikicewa da kwabo, fari kuma ya kori shanu daga dajinmu zuwa bakin Tabkin Chadi. Ku da kuka san ni a kara, kasuwar shanu, kun san Sale dillali bai saba tashi cikin irin wannan duhu don abin kirki ba. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin.

Ga abin da ya tayar da ni. Ranar Laraba ana tsakiyar ciniki wani falken kifi ya nemo ni, ya ce yayana Buba yana kwance ba lafiya a wani tsibiri cikin tabki, inda ya kai shanunsa neman ciyawa, kuma ya ce in je maza, yana da magana da ni. Shekara tara ke nan rabon da Yaya Buba ya buɗe baki ya yi mini magana.

Laifin nawa ne. Mu dillalai muna da wata dabara da muke kira ciko. Ramammiyar saniya za ka samu, ka ba ta kanwa ta lasa, ƙishirwa ta kama ta, ta sha ruwa har cikinta ya fito, haƙarƙari ya ɓuya. Mai saye ya gani ya yaba, kafin gari ya waye ta saɓe kamar salka. To irin wannan saniya na sayar wa wani dattijo daga Gadaka, ashe surukin Yaya Buba ne. Kun san Bafillace da kunyar suruki. Bai zage ni ba, bai daka mini tsawa ba. Sandarsa kawai ya ɗauka ya fita daga rumfata, shi ke nan.

Falken ya ce babu jirgin da zai kai ni tsibirin sai na je da man kaina, garwa biyu cikakku, in kuma nemi wani mai jirgi Ba Kyari a Doron Baga. Shi ya sa na fito da kayan wuta a ka.

A tasha na yi sallar asuba. Babbar mota ce mai bodin katako, naira ɗaya da sule biyar zuwa Yerwa. Direba ya dubi garewanina ya ce ba za su zauna kusa da shi ba, shi yana da iyali. Aka jefa ni can baya kan buhunan wake. Biyar da kwata muka tashi. Mun wuce Damagum rana na fitowa, takwas saura muka isa Damaturu, mil sittin da 'yan kai. Na sha koko da ƙosai na kwabo biyar. A shingen bakin gari wani soja ya leƙo, ya shinshina garwa, ya ce ko gidan mai zan buɗe. Na ce masa tsaraba ce. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Gab da Benisheikh wata mata ta ce ita dai warin nan ya yi yawa. Na ɗaga garwar da nake zaune a kai, sai ga ƙusar bodi ta huda gindinta, fetur yana tsiyaya cikin waken mutane. A daidai lokacin wani bawan Allah ya ciro taba zai kunna. Ban san ina da gudu a hannu ba sai ranar. Na kaɓe ashanar ta faɗa titi, matar ta miƙo mini guntun sabulunta, na liƙe ramin. Da na jijjiga garwar, na ji wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga Yerwa. Na sauka gidan fatomana Ba Modu, mai saukar fataken shanu. Tun daga azahar har la'asar sakaliya na zaga gari neman galan ɗaya da rabi na fetur. Duk inda na je sai layi, ana cewa tanka sai jibi. Ni kuwa jibi ba tawa ba ce.

Da magariba muna cin burabusko, Ba Modu ya ɗauko fitilarsa mai famfo. Ya tsiyaya wani farin ruwa daga 'yar kwalba, ya ƙyasta ashana, ruwan ya kama da shuɗiyar wuta. Na tambaye shi mene ne. Ya ce sifirit ne, wajen kafintan bayan gidansa yake saye, da shi suke narka man goge katako. Na ci gaba da cin abincina, amma tsohon halina ya riga ya farka ya zauna.

Juma'a: Yerwa zuwa Doron Baga

Da sassafe na je wurin kafintan. Ya yi mamakin mai sayen galan ɗaya da rabi a tashi ɗaya, ya ce kujera nawa zan goge. Na ce masa gidan sarauta ne. Na koma lungu na ɗura shi cikin garwar har wuya, na girgiza. Don kada ku ce ban yi bincike ba, na ɗiba a murfin gwangwani na sa masa ashana. Ya ci bal-bal. Na ce a raina, abin da ya ci wuta ai mai ne, cikin inji kuwa ciki ne kamar na saniya, ya dai cika. Ilimina ke nan gaba ɗaya a kan inji.

Tara saura na samu motar kifi mai komawa Baga ba kaya, naira biyu. Mil ɗari da ashirin ne, wani wuri kwalta, wani wuri yashi. Warin bandar da ke jikin motar ya danne warin garewanina, na ji daɗin haka. Hanya duk mushen shanu ne dama da hagu, har na daina ƙirgawa. A Monguno muka tsaya Juma'a, na ci gurasa da tsire na sule biyu. An tsayar da mu sau ɗaya a Kauwa, aka duba takardun direba. Huɗu da kwata muka sauka Baga, na ɗauki hayar jaki ya kai mini kaya bakin ruwa, don tabkin ya ja baya da nisa a shekarar.

Ba Kyari dogo ne baƙi, zanen Barebari reras a fuskarsa. Yana jin sunana da harshena ya gane Bafillace ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Barebari.

"Fulata a bakin ruwa? Wa ya kore ka daga gindin saniya?"

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo duba bawansa. Ina jirgin?"

Ya ce jirgi yana nan, amma in daure kada in yi kuka in na ga ruwan da ya fi ƙwaryar nono zurfi. Da na faɗi wurin wanda za ni, ya rage wasa. Ya san Yaya Buba, shi ya haye da shi. Ya ce tafiyar awa shida ce, in mun tashi tun hantsi bai yi ba, azahar a can za ta same mu.

Sannan ya yaye wani tsohon bargo ya nuna mini injin. Fentinsa duk ya koɗe. Shekara goma sha ɗaya yana hannunsa, daga wani Bature mai auna ruwa ya saye shi, kuma Baturen ma ba sabo ya sayar ba. Ya ce bakin mutum goma sha huɗu ke ci daga wannan ƙarfe. Ya dafa shi kamar yadda muke dafa tozon bijimi, ya ce injunan yanzu ko me ka ba su haɗiyewa suke, amma wannan dattijo ne, ba ya cin abincin da bai sani ba. Ya dube ni.

"Fetur ɗinka tsantsa ne?"

Na ce, "Tsantsa kamar nonon safe."

"Nonon Fulani ma ai da ruwan rijiya a ciki."

Muka yi dariya, tawa ta fi tasa ƙarfi. Ya juye garewanin biyu cikin 'yar durom ɗinsa, ya auna baƙin mai da gwangwani ya zuba, don irin wannan inji da fetur da baƙin mai a haɗe yake sha. Ya cika tanki tun da yamma don kada mu ɓata lokaci da safe. Kayan haɗina suka kwana a cikin dattijo. Ni na kwana a rumfar masunta, sauro ya yi walima.

Asabar: Cikin ruwa

Shida daidai Ba Kyari ya ja igiya, inji ya ɗauka a ja na biyu. Mu biyu ne kawai da buhun gero da na yi wa Yaya tsaraba. Na zauna a tsakiya na riƙe katako da hannu biyu, yana ta yi mini tsiya wai ƙafafuna kamar sillen kara, ko kada ba zai ɓata haƙorinsa a kaina ba. Muka bi wata hanya tsakanin dogayen ciyayi da suka fi mutum tsayi, muka fita fili inda ba ka ganin gaɓa ko ta ina. Inji yana ta waƙarsa. Na ce a raina, Sale, ashe kai injiniya ne ba ka sani ba.

Tara da rabi ya fara tari. Ya yi kamar zai tsaya, ya ɗauka, ya sake shaƙewa, ya mutu. Ba Kyari ya ciro fulogi ya duba, ya kwance kafireto. Abin da ya fito daga ciki jar laka ce kamar kunun kanwa. Ya ce wannan dattin shekaru ne da ke manne a bangon tanki, bai taɓa motsi ba, me ya kankaro shi yau? Ya taɓa tiyon roba mai kai mai, tiyon ya lotsa a hannunsa, ya bar masa baƙi a yatsu kamar danƙo. Jiya da yamma lafiyarsa ƙalau.

Ya ɗago kai ya tambaye ni inda na sayi man. Na ce a Potiskum, kuma gaskiya ne, rabin gaskiya. Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Da na faɗa a lokacin, da ya san abin yi. Amma na dubi ruwa, na dubi girman hannunsa, na yi shiru. Ya wanke kafireto, ya yanke ruɓaɓɓen bakin tiyo ya ɗaure da zare, ya ja igiya sau bakwai, inji ya tashi da wata murya da ba tasa ba.

Sha ɗaya saura kwata muka ji ƙara kamar an buga taɓarya a turmin ƙarfe. Inji ya tsaya cak, hayaƙi na fita, zafinsa ba ya taɓuwa. Ba Kyari ya ja igiya, igiya ta ƙi zuwa. Ya sa ƙafa ya ja da ƙarfinsa duka, ko motsi. Ya ce, "Innalillahi. Ya buga."

Ya ɗauko wata farar kwalba, ya tsiyayo mai daga gindin tanki, ya ɗaga ta a rana. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Man ya rabu biyu kamar an ja layi, sama ja, ƙasa fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ya shinshina na ƙasan, ya ɗanɗana a harshe ya tofar. Ya buɗe kafireto ya ciro wani ɗan abu mai iyo a ciki wanda ke tsayar da mai in ya cika, fentin jikinsa ya narke, ya jiƙe ya nutse.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai karanta wa kansa. Ya ce an zuba wa man nan sifirit, ɗan'uwan giya. Ya ce babu tankin jirgin da ba shi da ɗan ruwa a gindi, daga raɓa da feshin tabki, kuma fetur ba ruwansa da shi. Sifirit kuwa makwaɗaicin ruwa ne, yana jin sa sai ya saki fetur ya rungume shi, su kwanta tare a ƙasa, su bar baƙin mai a sama. Tiyo kuma daga ƙasa yake zuƙa. Wato awa guda dattijo yana gudu da giya da ruwa a ciki, babu ɗigon maiƙo, har ƙarfe ya ci ƙarfe.

Giya. Ni da ko ƙofar gidan burkutu ban taɓa tsayawa ba, ashe galan ɗaya da rabi na ɗauko a ka, har na shiga sahun Juma'a da warinta a riga.

Ba Kyari ya ajiye kwalbar, ya juya gabas ya ɗaga hannu. Ya ce in faɗa masa sunan mai gidan man nan na Potiskum, zai bar shi da Allah yanzu a tsakiyar ruwan nan. Mai gidan man kuwa maƙwabcina ne, mutumin da ko mudu bai taɓa tauyewa ba.

Na ce, "Ba Kyari, sauke hannunka. Ni ne."

Na faɗa masa komai, da ƙusa, da sabulu, da kafinta, da murfin gwangwani. Na jira ya kira ni Fulata, ya zage ni da kakannina, in samu sauƙi. Bai yi ba.

"Malam Sale, da tari na farko na tambaye ka. Da ka faɗa, da na tsiyaye na ƙasa na zubar, mu lallaɓa da na sama. Da yanzu muna hango shanun ɗan'uwanka."

Malam Sale. Tun da nake ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi haka ba. Ya ɗauko bargon ya lulluɓe injin har ƙasa. Sannan ya miƙo mini gora ya ce in tashi, saura mil goma sha biyar.

Ban iya ba, amma na koya. Inda gora ta taɓa ƙasa mu tura, inda ba ta taɓa ba mu sa filafili. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ciyawa mai yawo ta toshe mana hanya, muka yi awa biyu muna sara da adda. Duk yinin nan kalmarsa ba ta wuce "dama" da "hagu" ba. Muka kwana a wani tudun masunta, suka ba mu kifi da tuwon masara.

Lahadi: Tsibiri

Da asuba muka ci gaba. Sai bayan la'asar, wajen huɗu da rabi, na ji kukan shanu, na hango fararen bijimai irin na gidanmu. Adda Hajjo, matar Yaya, tana tsaye a bakin ruwa. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce jiya tun hantsi ya sa aka jingina shi a ƙofar bukka yana kallon ruwa, bakinsa garau, yana cewa Sale na hanya, yana da zance mai tsawo da zai yi da ni. Har magariba yana sauraron ƙarar inji. Da safen nan harshe ya fara nauyi.

Na shiga na durƙusa. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya koma kamar ƙiraren ƙaya. Idonsa biyu, ya gane ni. Adda Hajjo ta tambayi abin da ya tsayar da mu. Ba Kyari yana bakin ƙofa, ya ce inji ne ya lalace, bai ƙara ko harafi ba. Babarbare ya rufa mini asiri, kuma wannan ya fi mari zafi. Na ce a'a, ba haka ba ne. Na kama hannun Yaya na ba shi labarin duka, ban rage ba.

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, na zaci numfashi ne ya sarƙe. Ashe dariya ce. Ya jawo ni kusa, da ƙyar na tsinci maganar.

"Sale... har inji... ka ba kanwa?"

Ya huta, ya matse hannuna. "Na yafe. Kai ma."

Iyakar abin da na samu ke nan daga zancen mai tsawo. Me ya so ya faɗa mini a kan 'ya'yansa, ko a kan mahaifiyarmu, ko a kan shekara taran nan, galan ɗaya da rabi ya cinye. Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ni da Ba Kyari muka haƙa kabarin tare da makiyayan wurin.

Komawa

Bayan addu'ar uku Adda Hajjo ta nuna mini wani farin bijimi, ta ce tun yana da baki Yaya ya ce nawa ne. Na ja shi har gaban Ba Kyari na miƙa masa igiya, na ce ya sayar ya nemi wani injin, ko da bai kai dattijo ba. Ya zaga bijimin sau biyu, ya danna cikinsa da yatsa, ya buɗe bakinsa ya shinshina.

"A ɗaure shi a inuwa, kada a ba shi ruwa sai gobe. Kayan Fulata sai ya kwana nake sanin girmansa."

Da na ji Fulata ta dawo, na juya baya na share ido da hannun riga. Bijimi ya kwana, gari ya waye yana nan yadda yake. Shi ne dabba ta farko da ta fita daga hannuna ba ciko, ita ma don ba ni na yi kiwonta ba.

Ranar Juma'a wani babban jirgin kifi ya ja namu zuwa Doron Baga, awa bakwai, dattijo yana kwance cikin bargonsa. Makiyaya suka yi alkawarin zagayo da bijimin ta tudu. Asabar na kwana Yerwa, Ba Modu ya ɗauko fitila zai kunna, na ce ni dai a bar ni da aci-balbal. Lahadi ƙarfe uku da minti goma na sauka a tashar Potiskum da garewani biyu wayam, na taka zuwa Hausari.

Na gode wa Allah da ya kai ni da sauran kalma goma a bakin yayana. Na gode wa matar da ta ba ni sabulunta, da Adda Hajjo, da Ba Kyari wanda har ya bar duniya bai daina aiko mini da bandar kifi da zagi ba. Garwar mai liƙin sabulu tana nan rataye a rumfata a kara. Duk wanda ya ga ina sayar da saniya da haƙarƙarinta a waje ya ce Sale ya tsufa ya manta sana'a, ya ɗaga kai ya dube ta.